Garin ƙarfe da laima: AC, silika, obin ko agon, wanne zaka zuba ma kuɗinka?

Wani ƙanina da yake koyon aikin buga kayan ƙarfe da firinta mai 3D ne ya kirani cikin watan Agusta ransa a ɓace, wai garin ƙarfen da suka siyo da tsada, wanda firintar take shimfiɗawa siriri siriri leza tana narka shi ya zama kaya, ya fara yi musu taurin kai, a baya in an shimfiɗa shi kwanciya yake lumui kamar yashin rafi, yanzu kuma sai ja yake yana barin layi layi, wani wajen har ƙananan gudaji, gashi ogansa yace a kawo lissafin abinda za'a siya, shi kuma ya rasa tsakanin AC da na'urar tsotse laima da akwatin silika mai shan ruwan iska da tukunyar agon, wato iskar gas da ake korar iskar da muke shaƙa da ita, wanne zai rubuta. Nace masa kafin ka rubuta komai faɗa min abu uku, wane ƙarfe ne, a wane gari kuke, sannan awa nawa kuke samun wuta a rana, dan amsar bata wuce cikin ukun nan ba. Abinda na faɗa masa ne nake so in baje anan da ɗan faɗi.

Bari in fara da dalilin da yasa gari yake jin laima fiye da curin ƙarfe, dan in baka gane wannan ba duk sauran zancen zai zama kamar tsoratarwa ce kawai. Garin da ake sawa a firinta mai leza yawanci ƙwayarsa tsakanin maikiron 15 zuwa 45 take, wani har 63, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaga bata ma kai kaurin gashin kai ba, kuma kowace ƙwaya tanada fatarta da iska ke taɓawa. In ka lissafa, kilo ɗaya na garin sitenles mai maikiron 30 fatarsa gaba ɗaya ta kai kusan murabba'in mita 25, wato girman falo guda a cikin abinda bai cika gwangwanin madara biyu ba, na alminiyam kuwa da yake bashi da nauyi ya haura 70. To duk wannan filin ruwan dake cikin iska yana samun wajen zama. In laima ta yi yawa, musamman in ta haura kashi 60 ko 65 cikin ɗari, ruwan sai ya taru a daidai inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya ya zama kamar ɗan gam, shine abinda yake samun gishiri da sukari a damina, sai dai shi gishiri in ya dunƙule ka murje shi ka zuba a miya shikenan, shi kuwa garin ƙarfe ana so ya kwanta a shimfiɗar da kaurinta bai wuce maikiron 30 ko 50 ba, guda ɗaya tak ya isa ya ja layi tun daga wannan gefe har wancan.

Wannan shine na farko, rashin gudu. Kuma ba masu firinta kaɗai yake ci ba, masu matsa gari a mol, wato mazubin dake fitar da siffar kaya, suna gasawa a tanderu suma in gari baya zuba daidai mol baya cika daidai, sai kaga kaya ɗari sun fito kowanne da nauyinsa.

Na biyu tsatsa, garin ƙarfe zalla yana yin ja ya ƙame kamar siminti da ya sha raɓa, na tagulla ya dushe yayi duhu, wannan a fili yake ba sai na ja ba.

Na ukun ne mugu dan baka ganinsa da ido sai an gama aiki. Lokacin da leza ta narka garin, ruwan dake jikinsa baya tashi kawai ya tafi, rabewa yake, oksijin ya kama ƙarfen, haidirojin kuma ya narke a cikin ruwan ƙarfen. A alminiyam abin yafi muni saboda narkakken alminiyam yana shan haidirojin kusan ninki 20 na abinda daskararre zai iya riƙewa, to da ya fara daskarewa sai ya nemi amayar da shi, gashi daskarewar ƙiftawar ido ce babu lokacin fita, sai ya maƙale ya zama ƙananan ramuka zagayayyu a cikin kayan. Daga waje kaya sumul, ka yanka ka duba a madubin ƙara girma kaga kamar cikin burodi. Masu walda sun san wannan ciwon tun kafin a haifi firinta, sandar walda ta E7018 da ake ajiyewa a ɗan obin mai zafin wajen digiri 120 ai dan gudun haidirojin ne, kuma abin dariya ita kanta rigar sandar akwai garin ƙarfe a cikinta. Shi kuma taitaniyam matsalarsa oksijin, garin Ti-6Al-4V, wato taitaniyam da aka haɗa da ɗan alminiyam da banadiyam, mai daraja ta 23 iyakar oksijin ɗinsa kashi 0.13 cikin ɗari ne, mai daraja ta 5 kuma 0.20, duk sake amfani da gari a cikin iska mai laima yana tura ka kusa da wannan iyakar kuma in ka tsallaka babu dawowa.

Yanzu kar kace to shikenan a busar da komai ƙarau. Nan ne mu mutanen arewa muke da namu labarin daban da wanda ake rubutawa a takardar masu siyar da gari. A Legas ko Fatakwal laima kusan duk shekara tana sama, matsalarsu ɗaya ce kuma sun santa. A Kano ko Katsina ko Maraɗi kuwa shekara biyu ce a cikin ɗaya, Agusta iska jiƙe sharkaf, Janairu da Fabrairu kuma hunturu yana sauke laima ƙasa da kashi 20, lokacin da in ka ja bargo da daddare kake ganin tartsatsi, ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka. Wannan wutar gogayyar tana taruwa a jikin gari duk sanda ya zuba ta cikin roba ko aka tankaɗe shi, sai ya riƙa mannewa a bango da cokali da safar hannu, gudun nasa ya sake lalacewa ta wata hanyar, kuma abinda yafi wannan tsoro shine tartsatsi ɗaya a cikin ƙurar alminiyam ko taitaniyam da ta tashi sama ya isa ya kunna wuta. An gudu ba'a tsira ba kenan. Shiyasa a raba abu biyu a kai tun yanzu, cikin mazubin da gari yake ana so ya bushe iya bushewa, amma ɗakin da mutum yake buɗewa yana aunawa yana tankaɗe ana so ya tsaya tsaka tsaki, wajen kashi 30 zuwa 50. Yawancin asarar kuɗin da nake gani daga haɗa biyun nan ne, mutum yana ƙoƙarin busar da ɗaki guda alhali gwangwani yake buƙatar busarwa.

To mu ɗauko AC, dan shine abinda kowane oga yake fara ambata, ko dan shima zai sha sanyin ne oho. Gaskiya AC yana cire ruwa daga iska, shine ruwan da kake gani yana ɗiga ta bayan gini, amma ba aikinsa bane, tsintar dami ce a kala, yana yi ne kawai lokacin da kwamfiresa ke aiki. In AC ɗin yafi ƙarfin ɗakin sai ya sanyaya da wuri ya tsaya, ka samu ɗaki mai sanyi kuma mai laima, dan iska in tayi sanyi ruwan da take iya ɗauka raguwa yake, kason laimar sai ya hau. Amma babbar illarsa a wajenmu ɗauke wuta ce. Ka ɗauka ɗaki yana digiri 20, gwangwanayen gari duk sun ɗau sanyi, an ɗauke wuta, zafi ya dami yara sun buɗe taga, iskar waje mai digiri 30 da laima kashi 80 ta shigo. Wannan iskar kowane mita kubik ɗinta yana ɗauke da ruwa wajen giram 24, kuma duk abinda sanyinsa ya kai ƙasa da digiri 26 zata fara zuba masa raɓa, daidai yadda kwalbar lemo take gumi in ka fito da ita daga firji. In gwangwanin a buɗe yake a lokacin, to ba laima garin ya sha ba, ruwa ya sha. Wlh gara ɗakin da ba'a taɓa sa masa AC ba da ɗakin da AC ke zuwa yana tafiya sau huɗu a yini. In kunada sola ko janareto da baya yankewa to AC yanada amfani, in babu ni bazan sa shi a farkon lissafi ba. Ko da akwai ma doka ɗaya ce, gari in ya fito daga waje mai sanyi a barshi a rufe har zafinsa ya daidaita da na ɗakin, babban mazubi a barshi ya kwana, sannan a buɗe.

Af, kafin in manta, fankar nan mai ruwa da ake zuba ma ƙanƙara lokacin zafin Afrilu, wadda wasu ke cewa kula, kar ta kusanci ɗakin gari ko da wasa, ita aikinta kenan watsa ruwa cikin iska.

Na'urar tsotse laima tafi AC dacewa da wannan aikin nesa ba kusa ba, dan ita laimar take aunawa ba zafi ba, ka saita ta a 45 ta tsaya a nan, bata cin wuta kamar AC, kuma bata sanyaya kaya balle suyi gumi, hasali ma ɗan ɗumi take ƙara ma ɗakin. Irin mai kwamfiresa tana aiki sosai a iska mai zafi irin tamu, sai dai da wuya ta sauke ka ƙasa da 40, kuma ai baka buƙatar ƙasa da hakan a ɗaki. Aibinta, sai ɗakin ya rufu da kyau in ba haka ba unguwa guda kake busarwa, sai an riƙa zubar da tankinta ko a ja mata tiyo waje, in wuta ta tafi ta tafi da aikinta, sannan a Kano wata huɗu ko biyar kawai zata yi maka aiki sauran shekara tana kwance a lungu, a Legas kuwa kullum tana kunne dan haka can tafi cin kuɗinta. Sai kuma abin lura, ita da AC duk fanka gare su da injin dake juya ta da sauran kayan wuta na gida waɗanda ba'a yi su dan wajen ƙura mai kamawa ba, kar a ajiye ta kusa da inda ake tankaɗe alminiyam tana zuƙar ƙurar tana tarawa a cikinta.

Yanzu ga wanda nafi so, kuma shine mafi araha har mutane suna raina shi, mazubi mai rufuwa ruf da robar baki, da maganin tsotse ruwa a ciki. Baya buƙatar wuta, a ɗauke kwana uku babu ruwansa. Ka duba lissafin, mazubi mai lita 10 da gari ya kai rabi, iskar da ta rage a sama lita 5 ce, ko da a tsakiyar damina ka rufe ruwan dake cikinta bai wuce giram 0.12 ba, ƙaramin ƙunshin silika ya shanye wannan ba tare da ya ji ba. Kaga ashe rufewa ɗaya ba matsala bace, matsalar buɗewa sau talatin ce, da barin murfi a gefe ana hira, da gari ya kwana a cikin injin ko a kan rariya. Shiyasa dabarar da tafi kowace na'ura itace ranar da babban mazubi ya iso a raba shi ƙanana ƙanana kamar yadda mai shago yake ƙulla sukari, kowanne daidai aikin yini ɗaya ko biyu, sauran ba mai taɓa su. A ɗora su kan katako ko kanta kar su zauna a siminti ko su jingina da bango, yadda kowane mai siyar da siminti ya sani.

A cikin maganin tsotse ruwan ma akwai zaɓi. Silika jel, irin ƙananan ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi, tana iya shan ruwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta in laima tana sama, ga araha, ga mai canza kala da zata faɗa maka ta ƙoshi, shuɗiya ta koma ruwan hoda, ruwan lemo ta koma kore ko ta koɗe, ka gasa ta a wajen digiri 120 ta dawo sabuwa. Shuɗiyar akwai sinadarin kobal a cikinta mai cutarwa, in ka samu ruwan lemon ita zaka ɗauka. Rauninta shine in iska ta riga ta ɗan bushe ƙarfinta raguwa yake sosai, bata iya matse ragowar, kuma in waje yayi zafi tana iya sakin wani abu daga wanda ta sha, dan haka kar a bar mazubi a kwantena ko bayan mota cikin rana. Ɗayan kuma shine ziyolait da ake kira rariyar molekul, mai lamba 3A ko 4A, cikinsa bai kai na silika ba dan wajen kashi 20 na nauyinsa yake sha, amma shi baya sassautawa, ko laima ta sauka ƙasa da kashi 10 yana ci gaba da ja, kuma zafi baya sa shi saki da wuri. Farfaɗo da shi ne wahala, sai digiri 200 zuwa 300. In sitenles ne ko nikel ko tagulla silika ta wadatar, in alminiyam ne ni ziyolait zan sa. Duk wanda ka zaɓa a manna ƙunshin a ƙarƙashin murfi kar ya kwanta cikin gari, dan in ya fashe ƙwayoyin suka gauraya ka zuba ma kanka yashi a cikin ƙarfe, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kuma ba kowane mazubi ba. Leda da bokitin fenti na roba suna tara wutar gogayya, ita leda ma laima tana ratsa ta a hankali. Na ƙarfe mai robar baki, ko robar da aka yi musamman mai sakin wutar, ko kuma ainihin wanda garin yazo a ciki in murfinsa bai lalace ba. Lokacin juye gari daga wannan zuwa wancan a haɗa su da waya a sauke ta ƙasa, mai aikin ma ya ɗaura abin hannu mai waya, musamman da hunturu.

Akwai kabad mai wuta irin wanda masu kyamara suke ajiye kayansu, yana tsayar da laima shi da kansa, baya cin wuta sosai, in an ɗauke kuma ba'a buɗe ba yana riƙewa na wasu awanni. Yayi kyau ga ɗakin bincike mai ƙananan kwalabe, amma gari nauyi gare shi, kantocinsa basa ɗaukar kilo hamsin, kuma a rufe ake sa kwalaben ba a buɗe ba.

Obin kuma wani aji ne daban, sauran duk tsarewa suke, shi gyara yake, kuma gyaran ma rabi. Ruwan da ya zauna a fatar gari zafi yana korarsa, sitenles ko nikel da ya rage gudu in aka baza shi a faranti marar zurfi aka bashi digiri 80 zuwa 120 na wasu awanni yawanci yana dawowa. Amma ruwan da ya riga ya ci ƙarfen ya zama tsatsa ko ya kauraro fatar alminiyam babu obin da zai cire shi, ka busar yayi gudu kamar sabo amma oksijin ɗin yana nan. Shiyasa wanda yace ai ba komai in ya jiƙa ma gasa, yaudarar kansa yake. Sannan ba obin ɗin kicin ba, ba kuma mai fanka a ciki ba dan zata tada garin, alminiyam da taitaniyam kuwa sai mai bakyum wanda ake zuƙe iskar ciki, ko wanda aka cika da agon, a bakyum ruwa yana tashi a ƙaramin zafi kuma babu oksijin da zai ci garin. Kuskuren da kowa yake yi sau ɗaya shine ya fito da gari da zafinsa ya barshi a buɗe ya huce, yana hucewa yana sake shan abinda aka cire. Daga obin sai mazubi mai rufi. Su kuma masu matsawa a mol su kula, garinsu yawanci an riga an gauraya shi da giraf, baƙin abin nan na cikin fensir, da wani abu mai santsi mai kama da kakin zuma, shi wannan abin yana narkewa tsakanin digiri 120 da 145, ka gasa shi yadda ake gasa na firinta ka samu dunƙulen alewa.

Sai agon da naitirojin, manyan baƙi. Anan iskar ake kora gaba ɗaya a maye gurbinta da wadda babu ruwa babu oksijin, dan haka shine kaɗai yake maganin laima da oksijin da haɗarin wuta a lokaci guda. Yanada mataki biyu, mai sauƙi shine ka zura siririn tiyo cikin mazubi ka saki agon a hankali, a hankali fa dan kar ya tada gari, da yake yafi iska nauyi sai ya kwanta ya turo ta sama, ka rufe, tukunyar kuma irin ta masu waldar agon ce ba wani abu baƙo ba. Mai tsadar shine akwati rufaffe mai safar hannu a jikinsa da ake tankaɗe da juyi duk a ciki ba tare da gari ya ga iska ba. Naitirojin yafi araha kuma ya ishi sitenles, taitaniyam kuwa in yayi zafi yana haɗuwa da naitirojin, shiyasa masu shi basa wasa agon suke bi tun daga ajiya har bugawa. Abinda ba'a faɗa maka shine agon baya busar da garin da ya riga ya jiƙa, rufe shi kawai zakayi da ruwansa, kuma kuɗinsa baya ƙarewa, tukunya ta ƙare a sake ciko. Ga shi bashi da wari bashi da kala, in ya zuba a ƙaramin ɗaki rufaffe taruwa yake daga ƙasa, mutum ya sunkuya ɗaukar abu sai dai a tarar da shi a kwance, dan haka in zaka siya agon ka haɗa da na'urar dake ƙara in oksijin ya ragu a lissafin, in kuɗin bai kai ga ita ba to bai kai ga agon ɗin ba.

Na san wani zai ce ana ta kambama alminiyam kamar bam. Ranar 2 ga Agusta 2014 a Kunshan dake lardin Jiangsu a ƙasar Sin, wata masana'anta dake goge ƙafafun mota na alminiyam ta tashi, adadin waɗanda suka rasu ya kai 146, kuma binciken hukuma ya nuna mazubin tara ƙurar ya ci tsatsa ya lalace, ƙurar alminiyam ta jiƙa, ta fara ɗaukar zafi da kanta har ta kama. Ruwa ne fa ya kunna wutar. Jiƙaƙƙen garin alminiyam yana fitar da zafi da haidirojin a tare, shiyasa in ruwa ya shiga mazubinsa sosai kar ka rufe ruf ka ajiye, kumbura zaiyi, a fitar da shi waje nesa da mutane. In ya kama kuma ba'a watsa masa ruwa, ba'a fesa masa abin kashe gobara na mota ko na ofis, sai mai harafin D da aka yi dan gobarar ƙarfe ko busasshen yashi a zuba a hankali a lulluɓe. Shi ma garin ƙarfe zalla ba waliyyi bane, a 2011 masana'antar Hoeganaes dake Gallatin a jihar Tenesi ta Amurka tayi haɗari uku cikin wata biyar mutum 5 suka mutu, kuma ƙurar garin ƙarfe tana cikin dukkansu.

Kafin duk wannan siyayyar dai akwai ƙananan kaya biyu da nace ma ƙanin nawa ya fara sawa a saman takarda. Na farko agogon auna laima, ba ɗaya ba, ɗaya a ɗaki ɗaya a kabad ƙanana kuma a cikin manyan mazubai, suna da araha amma araha bata ado, wasu suna ƙarya da kashi goma, dan haka ka gwada su, zuba gishirin girki a murfin kwalba ka ɗiga ruwa ya jiƙa ba tare da ya narke ba, ka rufe shi da agogon a cikin kwalba guda ya kwana, da safe ya kamata ya nuna 75, abinda ya ƙaru ko ya ragu ka rubuta a jikinsa. Na biyu mazurarin Hall, ɗan mazurari ne mai ƙofar milimita 2.5, ana zuba giram 50 a ƙirga daƙiƙa nawa zai ɗauka ya zube. Ka auna ranar da gari ya iso ka rubuta a jikin mazubin, duk sati ka sake, ranar da lambar ta fara hawa ko sai ka ƙwanƙwasa yake zuba ka san laima ta shigo tun kafin ka ɓata aikin awa ashirin. Alminiyam sau da yawa ko sabo ne baya bi ta Hall, sai ɗan uwansa na Carney mai ƙofar milimita 5. Auna ainihin ruwan dake jikin gari kuwa sai hanyar Karl Fischer, wadda wani Bajamushe mai wannan sunan ya fitar a 1935, wannan aikin babban ɗakin gwaji ne, aunawa a sikeli kafin gasawa da bayan gasawa bata cika nuna komai ba dan ruwan kaɗan ne ƙwarai.

Shi dai garin su ƙanin nawa sitenles ne mai lamba 316L, a Kano suke, wuta kuma sai yadda ta yiwu. Abinda ya rubuta a ƙarshe, agogon laima huɗu, mazurari, ƙananan mazubai na ƙarfe masu robar baki, silika ruwan lemo kilo biyu, waya da abin hannu na sauke wutar gogayya saboda hunturu, sai na'urar tsotse laima guda ɗaya da zata yi aiki daga Yuni zuwa farkon Oktoba a kan layin sola. AC ya koma shafi na biyu, agon na ajiya kuma nace ya bari sai ranar da oga ya fara zancen alminiyam, ranar kuwa ba tukunya kaɗai za'a siya ba, ɗakin ma sai an sake shi. Da a Legas suke da na'urar tsotse laimar ce zata hau layin farko kuma babba zan ce su ɗauka. Garin da ya riga ya fara gudaji mun ce su gasa kaɗan daga ciki a digiri 100, su tankaɗe, su buga ƙaramin kubik su yanka su duba cikinsa kafin su yanke hukunci akan sauran kilo goma sha biyar ɗin.